Takardar kuɗin Japan a adakar Kaka, da halin da mutanen Bama suka shiga bayan yaƙi

Wani ƙanenmu ne ya turo tambaya, yace kakansa tsohon soja ne cikin waɗanda aka kai yaƙin Bama, Allah ya jiƙansa da rahama, ana gyaran ɗakinsa sai suka ci karo da wata tsohuwar takardar kuɗi a can ƙasan adaka, an rubuta gwamnatin Japan a jiki da Turanci, rupi goma, ga hoton wani gini mai tsini. Yana son ya san ko kuɗin na da wata daraja, sannan wai su mutanen ƙasar ya suka ƙare bayan an kori Japan, tunda mu kullum labarin sojojinmu muke ji, ba a taɓa ba mu labarin masu garin ba.

To ƙanena, ka yi tambayar da na daɗe ina son wani yayi, dan shekara da shekaru ina koyar da tarihin yaƙin duniya na biyu kuma kusan kullum ɗalibai a ranar da aka daina harbi suke rufe littafi. Da farko dai Bama ɗin nan ba ta jihar Borno bace, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar ce, tsakanin Indiya da Tailan, Ingila ce ke mulkinta a lokacin kamar yadda take mulkinmu. Takardar dake hannunka ta gaske ce, Japan ce ta buga irinta da ta mamaye ƙasar a 1942, ginin da ka gani wurin ibadar mabiya Buddha ne da ake kira Ananda a tsohon birnin Bagan, kuma in ka duba da kyau zaka ga wasu haruffa da suka fara da B, alamar ta Bama ce, dan ta Malaya, wato yankin Malesiya ta yau, M ake sa mata. A kasuwar masu tara tsofaffin kuɗi bata da wani tsada saboda an buga ta babu lissafi. Amma wannan rashin darajar nata shine ma ƙofar labarin da ka tambaya.

Ka fara sanin cewa sau biyu aka bi ta kan ƙasar nan da yaƙi, tafiya da dawowa. A 1942 da Turawa suka ga ba zasu iya riƙe ta ba, sai suka ce to Japan ma ba zata mora ba, suka sa wa matatar mai ta Syriam dake kusa da Rangun, babban birnin ƙasar a lokacin, wuta, suka lalata rijiyoyin mai na Yenangyaung, suka nutsar da ɗaruruwan jiragen ruwan kamfanin dake jigila a kogin Irawadi da hannunsu, suka karya babbar gadar Ava dake kusa da Mandalay. Japan ta shigo ta zauna shekara uku tana kwasar abinda ya rage, shanu, amalanke, ƙarafan layin dogo, har da mutane, dan dubban 'yan ƙasar aka tilasta wa aikin gina layin dogon nan mai kilomita 415 daga Tailan zuwa Bama wanda ya cinye rayuka ba adadi. Duk tsawon lokacin nan jiragen Ingila da Amurka na ruwan bama-bamai kan tashoshi da gadoji. Sai kuma 1944 zuwa 1945 aka dawo da yaƙin ƙasa, a nan ne su kakanka suka shigo ta yankin Arakan, Mandalay ta ƙone har da tsohuwar fadar sarakunansu ta katako a watan Maris 1945, Meiktila ta zama kufai. Kafin yaƙi layin dogonsu ya haura kilomita dubu uku, da aka gama wanda ke aiki bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, shi ma a yanke yake gida-gida.

Da sojojin Ingila suka shiga Rangun ranar 3 ga Mayu 1945 basu tarar da Japan ba, sun riga sun fice. Abinda suka tarar shine birni babu wutar lantarki, famfo baya kawo ruwa yadda ya kamata, bola ta yi tsibi a kan titi, magudanai sun toshe ga damina ta sauka, an fasa ma'ajiyoyi an kwashe kaya. Mafi yawan masu shara da kwasar bahaya da leburorin tashar jirgin ruwa Indiyawa ne, kuma wajen rabin miliyan na Indiyawa sun tsere a 1942, da yawansu a ƙafa ta cikin duwatsu, dubbai suka mutu a hanya. Kuma a cikin kwatoci da bakin titi, irin wannan takardar taka ce a zube kamar ganyen bishiya.

Dalili shine gwamnatin sojan Ingila ta yi shela cewa kuɗin Japan ba kuɗi bane, ba za a karɓa ba, ba za a canza wa kowa ba ko da kwabo. Suka kawo rupin Indiya da aka buga wa hatimin mulkin soja a jiki. Wanda ya ga wahalar canjin kuɗin da muka sha a farkon 2023 zai ɗan gane, amma mu ai an ce ka kai banki a rubuta maka a asusu, su kuwa cewa aka yi abinda ke hannunka takarda ce kawai. Turawa na da hujjarsu, Japan ta buga kuɗin nan kamar hauka musamman a ƙarshe-ƙarshe, kafin ma a soke shi sai ka cika kwando kafin ka sayi abin kirki, in aka ce za a canza to an ɗora wa sabuwar gwamnati bashin da bata san iyakarsa ba. Na yarda da wannan lissafin a takarda. To amma wa abin ya faɗa wa? Mai hali tun da wuri ya maida nasa zinari da duwatsu masu daraja da fili, wani ma ya binne tsohon kuɗin Ingila a tukunya yana jira. Mai tallan kifi a kasuwa, da manomin da aka tilasta ya sayar wa sojan Japan shinkafa aka biya shi da takardar, da malamin makarantar da albashinsa kenan shekara uku, su ne suka wayi gari babu ko sisi. Ka ɗauka tsohuwa ce ta ƙulle kuɗin auren jikarta a tsumma ta ɓoye a rufin ɗaki, ta jure yunwa bata taɓa ba, rana ɗaya ace mata ta hura wuta da shi. Ni a ganina da an ware wani ɗan adadi kaɗan ance kowane gida zai iya canzawa, da an rage wa talaka raɗaɗi ba tare da an karya baitulmali ba, kuma da yawa daga cikin ƙiyayyar da ta biyo baya daga nan ta samo tushe.

Abu na biyu da mutane basa tunani shine sutura. Mun saba in ance yaƙi sai mu tuna yunwa, amma a Bama tsiraici ya kusa fin yunwa ciwo a wasu yankunan. Mafi yawan yadin da suke ɗaurawa daga waje yake zuwa, Indiya da Ingila da ita kanta Japan, kuma maza da matansu duk zani suke ɗaurawa, longyi suke ce masa. Shekara uku jirgin kaya bai sauke yadi ba. Mutane suka koma farke buhun shinkafa suna ɗaurawa, akwai gidajen da zani ɗaya mai kyau ya rage, wadda zata fita kasuwa ko ɗibar ruwa ita zata ɗaura, sauran su zauna a ɗaki har ta dawo. Ga babu sabulu, sai ƙazwa ta bi mutane, babu kananzir babu ashana, allura da zare ma sun zama kayan gabas. Zazzaɓin cizon sauro, agana, amai da gudawa duk suka samu wuri saboda allurar rigakafi ta tsaya kuma magani babu. Shi yasa da Turawa suka dawo yadi ya zama kamar kuɗi, manomi baya son ya sayar maka da shinkafa a ba shi takarda, an riga an cuce shi da takarda sau ɗaya, ka kawo masa yadi ko gishiri ko man girki sai ku yi magana. Kayan da gwamnati ta kawo dan rabo kuwa kafin su kai ƙauye wani kaso ya zurare ya koma kasuwar bayan fage.

Maganar shinkafa ita ce ta fi ban tausayi. Kafin yaƙi babu ƙasar da ta kai Bama fitar da shinkafa a duniya, wajen tan miliyan uku duk shekara, ita ke ciyar da wani sashe na Indiya da Silon, wato Sri Lanka ta yau, da Malaya, yankewarta ma na cikin abubuwan da suka tsananta yunwar yankin Bengal na Indiya ta 1943. Da Japan ta zo babu jirgin da zai kwashi shinkafar zuwa waje, farashi ya faɗi, manoman kudu inda kogi ke shiga teku suka rage noma zuwa abinda zasu ci, filin da ake nomawa ya ragu kusan rabi. Abin mamaki a daidai lokacin tsakiyar ƙasar na fama da ƙarancin abinci. Wannan yankin na tsakiya busasshe ne, in ka gan shi zaka ce wani wuri ne a ƙasar Hausa, gyaɗa suke nomawa da riɗi da auduga da dawa, su ke ba kudu man girki kudu ta basu shinkafa, kuma jiragen kogi da jirgin ƙasa ne ke haɗa su. Da aka nutsar da jiragen aka karya gadoji, sai ga shinkafa na ruɓewa a rumbu a kudu, ga mai man girki a tsakiya bashi da ta dafawa.

Kuma gonar shinkafa ba irin wadda zaka bari shekara uku ka dawo ka ɗora daga inda ka tsaya bace. Kunyoyin dake riƙe ruwa sun zube, madatsun da ke kare gona daga ambaliya da ruwan gishiri ba a gyara su ba, ciyawa da daji sun cinye. Uwa uba shanun huɗa da ɓauna, soja ya yanka wasu ya ɗauki wasu dan jan kaya, annobar dabbobi ta kashe wasu tunda likitocin dabbobi sun watse. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san sa ba abin da ake ƙerawa a masana'anta bane, sai saniya ta haihu ɗan maraƙi ya shekara uku ko huɗu kafin ya ja garma. Ko da an baka bashin noma a hannu, in babu san saya a kasuwa kuɗin bazai yi maka huɗa ba.

Sai rigimar fili. Tun zamanin karyewar tattalin arzikin duniya na shekarun 1930, manoma da yawa sun rasa gonakinsu a hannun masu bada bashi da ruwa, musamman wasu Indiyawa da ake kira Chettiar, har sai da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na gonakin shinkafar kudu ya koma hannunsu. Yawancinsu sun gudu a 1942, manomi ya shekara uku yana noma babu mai zuwa karɓar haya ko ruwan bashi. Yanzu Bature ya dawo da kotunsa da dokarsa wadda ta san takardar jingina, kaga kenan dawowar doka a wurin wannan manomin na nufin dawowar mai bin bashi. 'Yan kwaminisanci suka samu abin kamawa, suka shiga ƙauyuka da kiran kada a biya haya kada a biya haraji, kuma mutane suka saurare su. Ita kuma gwamnati tana neman shinkafa ido rufe dan Indiya da Malaya na cikin yunwa, sai ta ƙayyade farashi ta zama ita ce mai saye, daga baya abin ya zama hukumar sayen amfanin gona dake saye da arha a gida ta sayar da tsada a waje, irin dai abinda iyayenmu suka gani da hukumar gyaɗa zamanin dala a Kano.

Ga kuma bindiga ko'ina. Japan ta zubar da nata ta gudu, Ingila ta raba wa 'yan sari-ka-noƙe musamman ƙabilun kan tudu irin su Karen da Kachin, ga sojojin Aung San, jagoran masu neman 'yancin Bama, waɗanda suka fara bin Japan sannan suka juya mata baya ranar 27 ga Maris 1945. Da Turawa suka zauna da Aung San a garin Kandy na ƙasar Silon a watan Satumba 1945, kimanin dubu biyar kawai daga sojojinsa aka amince a ɗauka cikin sabuwar rundunar soja, sauran aka ce su koma gida, gidan da babu aiki babu sa babu yadi. Fashi da makami ya yi yawan da ba a taɓa gani ba, ana tare jirgin ruwa ana tare mota, ƙauye guda sai ya kwana a zaune. Manomin da ya san za a zo a kwashe bazai faɗaɗa gona ba. Bayan wannan akwai jinin da aka zubar tsakanin maƙwabta a 1942, tsakanin Karen da 'yan ƙabilar Bama a yankin Myaungmya, da tsakanin Musulmi da mabiya Buddha a Arakan, inda aka kashe mutane da yawa ta kowane ɓangare aka raba yankin kusan gida biyu, Musulmi suka taru a arewa. A wannan ƙasar ta Arakan sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 suka yi yaƙinsu, a kwarin kogin Kaladan, da Myohaung da suka kama a Janairu 1945, da Dalet da Tamandu, sunayen da yau ke jikin barikokinmu, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Myohaung da Arakan a Legas, har Burma Camp a Accra. Wahalar Musulmin Rohingya da muke ji a rediyo yau wani sashe na saiwarta a wannan lokacin yake, kuma ina jin zafin yadda muke kiran sunayen garuruwan nan kullum a matsayin bariki bamu san akwai mutane a cikinsu ba.

To ya Turawa suka tunkari gyaran? Gaskiya ba za a ce basu yi komai ba, gwamnatin soja ƙarƙashin Janar Hubert Rance ta buɗe tashar jirgin ruwa, ta kwashe bola, ta yi rigakafi, ta raba abinci a wuraren da abin ya yi tsanani, injiniyoyin soja sun kafa gadojin wucin gadi. Inda suka kuskure shine tunanin da suka dawo da shi. Gwamna Dorman-Smith da ma'aikatansa sun shafe yaƙin a Simla, can kan duwatsun Indiya, suna zana yadda za a maida Bama yadda take a 1941. Takardar manufar da Landan ta fitar a Mayu 1945 tace gwamna zai yi mulki kai tsaye har shekara uku, a gyara tattalin arziki tukuna, maganar mulkin kai sai daga baya. Gyaran kuma ta hannun wa? Ta hannun manyan kamfanonin nan dai na da, na mai da na katako da na shinkafa da na jiragen kogi. Ɗan ƙasa yana kallo, kuɗinsa an soke, zaninsa buhu, waɗanda suka gudu suka bar shi da Japan sun dawo su ne a gaban layi. Kuma mutanen da aka tarar ba na 1941 bane, sun ga Bature ya gudu da idonsu, sun ga 'yan'uwansu a kujerar minista ko da ta jeka-na-yi-ka ce a ƙarƙashin Japan, sun riƙe bindiga.

Abinda ya karya tsarin ma ba wani babban yaƙi bane, albashi ne. A farkon Satumba 1946 'yan sandan Rangun suka shiga yajin aiki saboda abinda ake biyansu baya kai su ko'ina da tsadar kaya, ma'aikatan gidan waya da na jirgin ƙasa da na ofisoshi suka bi, ƙasa ta tsaya cik. Lokacin an riga an cire Dorman-Smith an dawo da Rance a matsayin gwamna, shi kuma ya gane babu mai iya kashe wutar sai Aung San, kafin watan ya ƙare ya shigo da shi majalisar zartarwa. Janairu 1947 Aung San ya sa hannu da Firayim Minista Attlee a Landan, Fabrairu ya zauna da shugabannin ƙabilun Shan da Kachin da Chin a garin Panglong, ranar 19 ga Yuli 'yan bindiga suka shiga ɗakin taro suka harbe shi da ministocinsa da dama, yana da shekara 32. Aka basu 'yanci ranar 4 ga Janairu 1948, U Nu ya zama shugaban gwamnati.

Wato ƙasar ta karɓi kanta tun bata miƙe ba. Wata uku bai cika ba 'yan kwaminisanci suka shiga daji, farkon 1949 Karen suka tashi har suka riƙe Insein dake bakin Rangun wata da watanni, layin dogon da aka lallaɓa aka gyara aka koma tayar masa da nakiya, jirgin kogi sai da rakiyar soja. Gwamnatin U Nu ta yi dokar karɓe filaye ta raba wa manoma tun 1948, amma ina zaka aiwatar da doka a ƙauyen da jami'inka baya iya kwana? Gadar Ava da aka karya a 1942 sai 1954 aka sake buɗe ta, shekara goma sha biyu mutane na tsallaka Irawadi da kwale-kwale da fito. A shekarar ne kuma Japan ta amince zata biya diyyar dala miliyan 200 cikin shekara goma, ba tsabar kuɗi ba, kaya da ayyuka, da shi aka gina tashar wutar lantarki ta Baluchaung. Tsohuwar nan mai ƙullin tsumma babu abinda ya iso hannunta. Shinkafar da suke fitarwa kuwa bata koma yawanta na kafin yaƙi ba a duk waɗannan shekarun, daga baya Tailan ta karɓe kasuwar.

Su kakanka basu dawo gida nan take ba, da yawa sai 1946 aka samu jirgin da ya kwaso su, dan haka akwai yiwuwar ya ga wani abu na wannan halin da idonsa, kuma sojoji da yawa sun tsinci irin takardar nan ne a ƙasa suka sa a aljihu dan tunawa. Kada ka goge ta da ruwa, kada ka manna mata salatif ko ka kai a yi mata laminatin, ka sa ta a leda mai kauri a miƙe ka ajiye inda babu danshi da gara. Sannan ka sake duba adakar da kyau ko akwai littafin sallamarsa na soja ko lambobin yabo, in ka samu lambar bataliyarsa ka turo min, da ita zan iya gaya maka ko ta Kaladan ya bi ko ta gaɓar teku, ko kuma yana cikin 'yan Najeriyar da aka saukar a bayan layin Japan tare da rundunar Ingila ta musamman da ake kira Chindit.